Daƙiƙi, Jaki, Sakarai: Sunayen da Muke Raɗa wa Yara Bayan Ranar Suna

Ranar da jariri ya cika kwana bakwai, tun da sassafe ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. A raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, a bayyana suna, a yanka rago, wanzami ya zo ya yi aski. Kafin a kai ga wannan safiya, uba ya yi kwanaki yana juya sunaye a ransa, ya shawarci iyayensa, wani lokaci har da malaminsa, don kada ya ɗora wa ɗansa sunan da ba shi da kyakkyawar ma'ana. Daga nan Muhammadu ko Abubakar, Hadiza ko Fatima suka shigo duniya da suna mai daraja.

Ka dawo gidan nan bayan shekara biyar ko shida ka saurara da kyau. Sau da yawa za ka tarar an sake raɗa wa yaron wani suna, ba rago, ba goro, ba liman. Ya zubar da koko, ya zama Sakarai. An aike shi sayen gishiri ya dawo da kanwa, ya zama Shashasha. Ya kasa haɗa baƙi a allo ko a littafi, ya zama Daƙiƙi, a wani wurin ma Jaki. Sunan yanka sau nawa yake jin sa a wuni, sunan zagi kuma sau nawa? Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san amsar.

Ban manta wani yaro da muka yi aji uku na firamare tare ba. Yana da in'ina, idan aka tashe shi karatu sai kalma ta maƙale masa. Malaminmu, wanda na tabbata a ransa gyara yake nufi, yakan ce mu yi masa ihu, mu kuwa mu yi ta yi da iya ƙarfinmu. Kafin ƙarshen shekara yaron ya koma bencin baya, ya daina ɗaga hannu, ko abin da ya sani aka tambaya sai ya sunkuyar da kai. Shi ne fa ya fi mu duka iya ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara, har da tayoyi masu juyawa. Ba wanda ya taɓa kawo zancen wannan a aji. Har yau idan na tuna muryata na cikin masu ihun, sai na ji nauyi a ƙirjina.

Yaro ba ya zuwa duniya da ra'ayi a kan kansa. A fuskokin manya da bakunansu yake tsintar labarin ko shi wane ne, kuma da wuri yake tsinta. A 2016 masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yara 234 'yan shekara biyar, inda suka gano cewa tun a wannan shekaru yaro ya riga ya kafa yadda yake jin kansa, mai kyau ne shi ko akasin haka, da ƙarfin da ya yi kusa da na babba. Ke nan kafin a ɗinka masa kayan makarantar boko, an riga an yi nisa da ginin. Waɗanda suka aza tubalin kuwa su ne uwa da uba, da kaka, da yayye, da matan gida, da malamin allo.

Me ya sa muke rowar yabo?

Ba ƙiyayya ke sa iyayenmu tsuke baki ba, kuma duk wanda ya ce haka bai san Bahaushe ba. Akwai dalilai, kowanne da tushensa. Akwai kunya, musamman ta ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko kuka yake sai ta kau da kai ta bar wa kaka ko gwaggo. Akwai tsoron kambun baka, wanda ke sa a ɓoye kyawun yaro ko hazaƙarsa don kada baki ya kama shi. Sannan akwai babban tsoro, kada kan yaro ya kumbura ya raina na gaba da shi. Karin maganar da ke riƙe da wannan tunani kowa ya san ta: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Ina ganin akwai gaskiya a cikin wannan tsoro, kuma Turawa da kansu sun ɗanɗana kuɗarsu a kai. A 1986 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa kwamiti na musamman, bisa matsin wani ɗan majalisarta John Vasconcellos, don ɗaukaka ƙimar kai a zukatan jama'a, da fatan hakan zai rage shaye-shaye da aikata laifi da faɗuwa jarrabawa. Makarantu suka ɗauka da zafi, aka shiga gaya wa kowane yaro cewa shi na daban ne, ana raba kyaututtuka ko an yi ƙoƙari ko ba a yi ba. A 2003 masanin halayyar ɗan Adam Roy Baumeister da abokan aikinsa suka bi tarin binciken da aka yi a kan lamarin, suka ce ba su ga hujjar cewa kumbura wa yaro kai na sa ya yi ƙoƙari a makaranta ba. Abin da ya fi bayyana shi ne, yin ƙoƙarin ne ke haifar da jin daɗin kai. A ƙasar Holan kuma, Eddie Brummelman da abokansa sun bi yara 565 da iyayensu na tsawon shekara ɗaya da rabi, suka wallafa sakamako a 2015. Yaran da iyayensu ke ɗaukar su a matsayin waɗanda suka fi sauran yara, suka cancanci abin da wasu ba su cancanta ba, su ne suka fi tasowa da girman kai da son a yi ta kambama su. Yaran da suka samu ƙauna da jan jiki daga iyaye kuwa, su ne suka taso da nutsuwa da yarda da kai.

To a nan ne hanya ta rabu biyu, kuma a nan ne nake ganin mun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Girman kai shi ne yaro ya ji ya fi kowa. Sanin darajar kai shi ne ya ji shi ma mutum ne, ana son sa a gidansu, kuma idan ya dage zai iya. Kakanninmu sun yi daidai da suka guji na farko. Kuskuren da ake yi shi ne a kashe na biyu wajen gudun na farko, a ɗauka cewa maganin kumburin kai shi ne a murƙushe yaro da zagi.

Kuma zagin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Namiji ɗaya cikin biyar da mace ɗaya cikin shida sun ce sun fuskanci muzantawa da cin rai daga iyaye ko masu riƙonsu ko wani babba cikin dangi. Tabon bulala yakan warke a mako guda. “Ba za ka taɓa yin albarka ba” kuwa, akwai masu furfura da har yanzu suke jin amonta a kunne.

Abin da ke cikin littattafan zaure

Wani zai ce wannan duk tarbiyyar Nasara ce. Sai dai tun kafin a haifi waɗannan masu bincike, maganar na cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, ya fara yana yaro ɗan kimanin shekara goma, kuma ya shaida cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba, bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko abin da ya bari ba. Ƙanen Anas, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Manzon Allah ya kula da baƙin cikin yaron, ya kira shi da alkunya ya tambaye shi labarin tsuntsunsa. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma amma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu gargaɗi ce cewa marar jin ƙai ba za a ji ƙansa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne hadisin abin sha. An kawo wa Manzon Allah abin sha a majalisa, a damansa yaro ne, a hagunsa dattawa. Ƙa'ida ita ce a fara da dama. Bai tsallake yaron ba, sai ya nemi izininsa ya fara ba manya. Yaron ya ƙi yafe rabonsa, aka kuwa miƙa masa. Mu auna wannan da majalisunmu, inda yaro ko gaisuwa ya zo yi ba a ɗaga kai a dube shi. Haka kuma da Umar ɗan Abu Salama yana yaro hannunsa na yawo a cikin akushi, an gyara masa da umarni uku gajeru, ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci gabansa. An faɗi abin da za a yi, ba a raɗa masa Haɗamamme ba. A Sahihu Muslim akwai hani ƙarara ga yi wa 'ya'ya mugun baki, don kada a dace da lokacin amsa addu'a, Suratul Hujurati kuma ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ba ta ware yara ba.

Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya ware babi guda a Muƙaddima a kan illar tsanantawa ga ɗalibai. A taƙaice ya ce yaron da aka rena da danniya kuzarinsa kan mutu, ya zama malalaci, ya koyi ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansa. A babin ne ya kawo maganar Ibn Abi Zaid, mai Risala da ɗalibai ke bita a Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram, cewa ko duka ya zama dole kada malami ya wuce bulala uku.

Yabon aiki da yabon kai

Idan an yarda a yabi yaro, saura a san yadda za a yi, don shi ma yabon yana da inda yake ɓaci. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck na Jami'ar Columbia suka gwada yara sama da 400 'yan aji biyar. Aka ba kowa tambayoyi masu sauƙi, aka ce masa ya yi ƙoƙari. Wasu aka ƙara musu da cewa lallai suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka ce lallai sun dage. Daga nan aka ba su masu wuya, kowa ya sha kashi. Waɗanda aka yabi ƙwaƙwalwarsu suka karaya da wuri, da aka dawo da su kan masu sauƙi ma ba su kai yadda suka yi da farko ba, kuma kusan huɗu cikin goma suka yi ƙarya a kan makin da suka ci. Waɗanda aka yabi dagewarsu suka ci gaba da fafatawa, suka ma ƙara a kan na farko.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka ce masa Haziƙi ya samu rawanin da yake tsoron ya faɗi, don haka yana gudun duk abin da zai tona shi. Wanda aka ce ya dage an nuna masa abin da ke hannunsa, gobe ma zai iya sake dagewa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wannan dabara ita kaɗai ba ta mayar da kowa zakara, amma alƙiblar ta tabbata. Abin daɗi shi ne harshenmu ya riga ya tanadi kalmomin. “Sannu da ƙoƙari.” “Sannu da aiki.” “Madalla, yau shararki ta kai har lungu.” “Jiya wannan harafin ya ba ka wuya, ga shi yau ka fitar da shi.” A saman su duka akwai “Allah ya yi maka albarka”, wadda ba ta kumbura kan kowa, ba ta kuma jawo baki, amma duk ɗan da ya ji ta daga bakin mahaifiyarsa ya san abin da take yi wa zuciya.

Faɗa ma haka yake. “Ka zubar da ruwa, ɗauko tsumma ka goge” ya bar wa yaro ƙofar gyara. “Kai kullum haka kake, ba abin da ka iya” ya rufe ta. Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania, wanda ya fitar da littafi a kan renon yaro mai kyakkyawan fata a 1995, ya lura cewa yaron da ke saurin yanke ƙauna yana fassara duk wata faɗuwa da cewa haka abin zai dawwama, ya shafi komai, kuma shi ne aibin. “Kullum”, “komai”, “ni dai haka nake”. A bakin wa ya fara jin waɗannan kalmomi? Kyakkyawan tunanin da ake so a koya wa yaro ba ya nufin a ce masa duniya ba wuya. Ana so ne idan ya faɗi lissafi ya iya cewa, yau ban gane rabawa ba, zan tambayi yaya ta sake nuna mini. Idan yarinya ta dawo tana kuka cewa ba mai son ta, uwa ta zaunar da ita ta tambaya, wa da wa kuka ɓata, wa kuma kuka yi wasa da ita jiya? A hankali za ta ga cewa ƙawa ɗaya ce ta ɓata mata, duniya ba ta juya mata baya ba. Wannan shi ne kyautata zato da fata nagari da addini ya koyar, an sauko da shi daidai tsawon yaro.

Gayauna da allon zayyana

Baki kaɗai ba ya gina yarda da kai. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana tun 1977 cewa abin da ya fi ƙarfafa wa mutum imanin zai iya shi ne ya taɓa yin abu da hannunsa ya ga ya yiwu. Manoman ƙasar Hausa ba su jira shi ba. Bayan aikin gandu, akan yanka wa yaro gayauna tasa ta kansa, ya shuka gyaɗa ko wake, ya nome, ya girbe, kuɗin ya shiga aljihunsa. Akan ba yarinya 'yar akuya ko kaza a ce tata ce. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga, ɗan dukawa da riƙe fata, 'yar mai ƙosai da wanke wake. A makarantar allo akwai matakai da yaro ke gani da idonsa, daga babbaƙu zuwa farfaru, a yi sadaka idan ya kai wasu surori, har ranar da za a zayyana masa allo ya zaga dangi. Tatsuniyoyinmu ma cike suke da Auta da marainiya, ƙananan da aka raina amma suka kai gaci. Kaka kuwa, da wasanta na “mijina” da “kishiyata”, ita ce ke biyan bashin ƙaunar da kunya ta hana uwa nunawa.

Yawancin wannan yana zamewa daga hannunmu. Yaron birni ba shi da gayauna, kakarsa na ƙauye, tatsuniyar dare ta koma kallon waya. Ma'auni ɗaya ya rage masa, wato na nawa ya zo a aji. A aji mai yara 80 ko 100, mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya, sauran kuma su koma gida a tare su da “dubi ɗan gidan wane”. Kwatanta yaro da ɗan'uwansa, musamman a gidan da ake da 'yan uba, yana shuka gabar da ke kaiwa har ranar rabon gado. A wasu makarantun kuɗi har tara ake cin yaro don ya yi Hausa, sai ya taso yana jin harshen da uwarsa ke yi masa addu'a da shi abin kunya ne. Yarinyar da aka yi ta kira Baƙa ko Mummuna tun tana rarrafe, kada a yi mamaki idan ta girma ta kama man sauya fata. Ga agola, ga ɗan riƙo, ga bahago da ake bugun hannunsa, ga almajiri ɗan shekara shida da kalmar da ya fi ji a wuni ita ce ta kora.

Malamin makaranta na da kaso babba. A shekarun 1960 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka shaida wa malaman wata firamare a Kalifoniya cewa wasu yara, kimanin kashi 20 cikin 100, na dab da buɗewar basira. Alhali da ka aka zaɓo sunayen. A ƙarshen shekara, musamman a aji ɗaya da biyu, yaran nan sun fi sauran ci gaba. An yi ta muhawara a kan girman tasirin, amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san yaron da kake sa rai da shi ka fi ba shi lokacin amsa, ka fi haƙuri da kuskurensa.

Kada kuma a ce sai mai hali. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 na gidajen talakawa, 'yan wata 9 zuwa 24, waɗanda rashin abinci ya tsumburar. Wasu daga cikinsu ma'aikatan lafiya na unguwa suka riƙa ziyartarsu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida, suna kuma ƙarfafa su su riƙa yaba musu. Bayan shekara 20 aka nemo yaran. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na waɗanda ba a ziyarta ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Irin wannan aiki bai fi ƙarfin asibitocin sha-ka-tafi da ma'aikatan lafiya da ke zaga gidajenmu don rigakafi ba, kuma ya dace kwalejojin horon malamai da makarantun Islamiyya na matan aure su sa shi cikin abin da suke koyarwa. Masu wa'azi ma, da suka yi nisa wajen bayanin haƙƙin iyaye a kan 'ya'ya, lokaci ya yi da za su ba haƙƙin 'ya'ya a kan iyaye irin wannan fili.

Kafin hukuma ko malamai su motsa, akwai abin da ke hannun mai karatu a daren yau. Idan ka koma gida, kira ɗanka da sunan da ka yanka masa rago, ka ba shi wani ɗan aiki daidai ƙarfinsa, ka tsaya ka ga ya gama, ka faɗa masa abin da ya yi daidai, ka sa masa albarka da murya yadda zai ji. Ke ma uwa, idan kunya ta hana ki a gaban mutane, ki yi a ɗaki. Idan kuma akwai wani suna da kuka saba jifansa da shi a gidan, ku tara yayyensa da sauran mutanen gida ku shaida musu cewa daga yau an daina.